Kafin Mu Koma Tsarin Firaminista, Mu Duba Inda Ya Karye

A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60, daga jam'iyyu daban-daban, suka gabatar da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da ke neman Nijeriya ta bar tsarin shugaba mai cikakken iko, ta koma tsarin firaminista nan da shekarar 2031. Abdussamad Dasuki, ɗan majalisa daga Sakkwato, shi ya yi magana da yawunsu a gaban 'yan jarida. Tun daga lokacin zancen bai kwanta ba. Yakan taso duk sa'ad da aka karanta kasafin kuɗi aka ga abin da masu mulki ke lashewa, ya kuma taso idan dattawa suka zauna tuna zamanin Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Hujjar da aka fi ji ita ce wai tsarin firaminista ya fi araha. Ni ina goyon bayan komawar, amma ba don wannan hujja ba, kuma yadda ake tallar abin yana ba ni tsoro. Mafi yawan masu jefa ƙuri'a a yau ba a haife su ba sa'ad da tsarin ya faɗi a Janairun 1966. Ana so su amince da abin da ba a zauna an bayyana musu wa ke riƙe da me a cikinsa ba, balle a nuna musu inda ya tsage a hannun iyayenmu.

Ginshiƙin tsarin abu ɗaya ne: gwamnati da amincewar majalisa take rayuwa, ranar da amincewar ta ƙare kuwa, ranar gwamnati ta ƙare. Mai zaɓe ba ya ganin sunan firaminista a takardar ƙuri'a sai in mazaɓarsu ɗaya da shi. Wakilin mazaɓarsa kawai yake zaɓa. Idan aka gama ƙirga kujeru, mutumin da mafi yawan 'yan majalisa suka yarda su bi shi ake kira ya kafa gwamnati, daga cikin 'yan majalisar nan kuma yake ɗibar ministocinsa. A tsarin da muke kai yanzu, ɗan majalisar da aka naɗa minista ya rabu da kujerarsa ke nan. A tsarin firaminista kuwa kujerar ita ce takardar shaidarsa ta zama minista. Shugaba mai cikakken iko kamar wanda ya biya kuɗin hayar shago na shekara huɗu ne a dunƙule, firaminista kuwa mai rumfar kasuwa ne da ke yankar tikiti kowace safiya. Idan majalisa ta kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, ko ta yi watsi da kasafin kuɗinsa, abu biyu ne a gabansa: ya sauka, ko ya nemi a rusa majalisa a koma wurin jama'a. A Afrilun 1999 gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta faɗi a Indiya da bambancin ƙuri'a ɗaya tak, 269 da 270. A Disamban 1979 gwamnatin Joe Clark ta faɗi a Kanada a kan kasafin kuɗi. Babu wanda ya tuhume su da laifi, babu kwamitin bincike, babu alƙali. Rinjaye ne ya kuɓuce, shi ke nan.

Wanda ya san tsohuwar Jihar Kaduna ya san kishiyar wannan. A 1979 jama'a suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, suka kuma cika majalisar dokoki da 'yan NPN. Majalisa ta ƙi tabbatar masa da kwamishinoni, shi ba shi da ikon rusa ta, ita kuma ba ta da hanyar kawar da shi sai ta tsige shi, abin da ta yi a watan Yunin 1981. Kusan shekara biyu jiha na tafiya ba majalisar kwamishinoni. Tsarin firaminista ba ya haifar da irin wannan turka-turka, domin tun farko wanda ba shi da rinjaye ba ya hawa kujerar.

Zaɓen Disamban 1959 shi ne mafi kyawun darasi a kan yadda ake kafa gwamnati. Kujeru 312 aka yi takara a kansu. NPC ta samu 134, NCNC da abokiyar ƙawancenta NEPU suka samu 89, Action Group ta Awolowo da ƙawayenta 73, sauran suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da masu zaman kansu. Babu wanda ya kai rabi. Dole aka yi gwamnatin haɗin gwiwa, NPC da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama firaminista, muƙamin da yake kai tun 1957. Shugaban jam'iyyar da ta fi kujeru shi ne Sardauna, amma ya zaɓi ya zauna a Kaduna yana firimiyan Arewa, ya bar mataimakinsa a jam'iyya yana shugabantar gwamnatin tarayya a Legas. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda nauyin mulki yake a wancan zamani. Wani abin da lissafin haɗin gwiwa ya haifar kuma shi ne matsayin Malam Aminu Kano. A Arewa shi ne babban abokin hamayyar NPC, amma da ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Legas, ƙawancen NEPU da NCNC ya sa shi a ɓangaren gwamnati, har aka ba shi muƙamin mai tsawatarwa, wato cikin masu tabbatar da cewa 'yan ɓangaren gwamnati sun halarci zama sun kuma kaɗa ƙuri'a yadda aka tsara. A tsarin da ƙuri'a ɗaya kan kayar da gwamnati, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya fi jan raina ga tsarin yana wurin ministoci. Minista ɗan majalisa ne mai mazaɓa, wanda zai koma gida neman ƙuri'a kamar kowa. Irin su Muhammadu Ribadu a ma'aikatar tsaro, Maitama Sule a ma'adinai da lantarki, Festus Okotie-Eboh a kuɗi, duk a zauren majalisa suke zama, a jerin gaba, 'yan hamayya na fuskantarsu. Kowane ɗan majalisa na da ikon miƙa tambaya, minista kuma dole ya miƙe ya amsa da bakinsa, a rubuta amsar a kundin majalisa. A Indiya sa'a ta farko ta zaman majalisar wakilai ta tambayoyi ce. A Kanada minti 45 ake warewa kowace ranar zama. Mai karatu ya tuna sau nawa ya ji kwamitin majalisarmu ta yau na barazanar sa a kamo wani minista don ya ƙi amsa gayyata. A tsarin firaminista ba a gayyatar minista, domin a can yake zaune. Akwai kuma ƙa'idar ɗaukar alhaki tare: abin da majalisar ministoci ta yanke ya hau kan kowa, wanda bai yarda ba ya ajiye aiki, ba ya fito waje yana cewa ba da shi aka yi ba. A ƙarƙashin minista akwai babban sakatare, ma'aikacin gwamnati wanda ba ya canzawa don gwamnati ta canza, akwai kuma ƙananan 'yan majalisa da ake haɗawa da ministoci su koyi aiki. Shehu Shagari ta wannan ƙofa ya shigo, yana sakataren majalisa ga firaminista kafin ya zama minista.

Kakakin majalisa alƙalin zama ne, ba jagoran gwamnati ba, ba kuma abokin takararta ba. Jaja Wachuku ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar, Ibrahim Jalo Waziri na Gombe ya gaje shi har zuwa 1966.

Sai jagoran 'yan hamayya, muƙamin da tsarinmu na yau ba shi da makamancinsa na gaskiya. Wanda ya zo na biyu a zaɓen shugaban ƙasa yanzu kotu yake tafiya, daga nan ya koma gida yana fitar da sanarwa. A tsarin firaminista kujera ce sananniya a cikin majalisa, gaba da gaba da firaminista, mai ita yana da mutanensa da ya raba wa aiki, kowanne yana bin diddigin ma'aikata guda, domin a san cewa in gwamnati ta faɗi akwai wata a shirye. Awolowo ya bar kujerar firimiyan Yamma ya riƙe wannan muƙami a Legas. A majalisar Arewa da ke Lugard Hall, Ibrahim Imam na Barno ya riƙe shi. Ƙasar da ta ba ɗan hamayya kujera da ofis ta amince ke nan cewa sukar gwamnati aiki ne na ƙasa.

Shugaban ƙasa a wannan tsari uban ƙasa ne, ba mai gudanar da ita ba. Yana sa hannu a doka, yana karɓar jakadu, yana buɗe majalisa, amma kusan duk abin da zai yi bisa shawarar firaminista yake yi, shawarar da ba ya iya ƙi. A Kanada da Ostireliya gwamna-janar ne ke wakiltar Sarkin Ingila, kamar yadda Azikiwe ya wakilci Sarauniya daga Nuwamban 1960 har ranar 1 ga Oktoba, 1963, da muka zama jamhuriya ya koma shugaban ƙasa. A Indiya da Jamus 'yan majalisu ne ke zaɓarsa, na tarayya da wakilan jihohi. A Malesiya sarakuna tara ne ke karɓa-karɓa, kowane shekara biyar. A ranakun lafiya wannan kujera ba ta da wahala. Amma akwai 'yan lokuta da mai ita ke tsayawa shi kaɗai ba mai ba shi shawara: idan ba a san mai rinjaye ba, idan firaminista ya rasa rinjaye ya ƙi sauka, idan ya mutu ko ya ɓace. Turawan Ingila sun bar waɗannan lokuta ga al'ada da kunya, abin da suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna ginawa. Mu muka karɓi rubutun, al'adar kuwa ba a ɗaure ta a jaka a kawo. A waɗannan lokuta uku daidai Jamhuriya ta Farko ta karye.

Kafin in zo kansu, sai an faɗi rabin tsarin na biyu, wato tarayya, wadda muka shiga tun tsarin mulkin 1954. A Ingila majalisa ita ce ƙarshe. A ƙasar tarayya kundin tsarin mulki ne ƙarshe, shi ke raba iko tsakanin tsakiya da jihohi, kotu kuma ke raba gardama. A Jamhuriya ta Farko, tsaro, kuɗin ƙasa, harkokin waje da kwastan na tarayya ne kaɗai. Wasu abubuwa, kamar ilimi mai zurfi, na kowa da kowa ne. Abin da ba a lissafa ba na jiha ne. Kowace jiha tana da nata tsarin mulki, da gwamna wanda shi ma uba ne kawai, da firimiya mai gudanar da mulki. A Arewa Sa Kashim Ibrahim ne gwamna daga 1962, Sardauna firimiya, ga majalisar wakilai ga Majalisar Sarakuna. Okpara na Gabas, Akintola na Yamma, daga baya Osadebay na Yamma ta Tsakiya da aka ƙirƙiro a 1963. Jihohi na riƙe da hukumomin cinikin gyaɗa, auduga, koko da manja, rabin kuɗin haƙar ma'adinai kuma na komawa inda aka haƙo. A irin wannan ƙasa majalisa ta biyu aikinta kare jihohi ne daga rinjayen majalisar wakilai. A Jamus gwamnatocin jihohi 16 ne da kansu ke tura wakilai, kuma akwai dokokin da ba sa wucewa sai da yardarsu. A Ostireliya kowace jiha, babba ko ƙarama, sanatoci 12 gare ta, zaɓaɓɓu. Tamu Majalisar Dattawan ta 1960 ta ba kowace jiha 12, amma naɗaɗɗu ne, kuma iyakarta ta jinkirta doka, ba ta hana ta. To ga majalisar wakilai inda Arewa ita kaɗai ke da kujeru 174 cikin 312. Ni ɗan Arewa ne, amma gaskiya ita ce tsarin da jiha ɗaya ta fi sauran duka a haɗe, ba kuma wata majalisa mai haƙori da za ta kare su, dole ya sa kowane ƙidayar jama'a ta zama yaƙi. Haka kuwa aka yi a 1962 da 1963.

Karaya ta farko a Ibadan ta faru. A 1962 Action Group ta rabe tsakanin Awolowo, shugaban jam'iyya, da Akintola, firimiya. Tsarin mulkin Yamma ya ce gwamna na iya sauke firimiya idan ya bayyana gare shi cewa firimiyan ya rasa goyon bayan mafi yawan 'yan majalisa. Bai faɗi yadda abin zai bayyana ba. 'Yan majalisa 66 cikin 124 suka sa hannu a wasiƙa suka kai wa gwamna, Oba Adesoji Aderemi, Oonin Ife. Da wannan wasiƙa ya sauke Akintola a watan Mayu, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce ba a ƙidaya rinjaye a takarda, sai a zauren majalisa, ya garzaya kotu. Ranar 25 ga Mayu majalisa ta zauna don a gwada, sai zaman ya rikiɗe dambe, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Bayan kwana huɗu majalisar tarayya, inda abokan hamayyar Action Group ke da rinjaye, ta ayyana dokar ta-ɓaci a Yamma, aka naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Kotun ƙolin tarayya ta ba Akintola gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Landan, wadda a lokacin ita ce ƙarshe, ta juya hukuncin a 1963 ta ba Adegbenro gaskiya. Amma kafin nan Akintola ya riga ya koma kujera tun Janairu, sai majalisar Yamma ta gyara tsarin mulkin jihar ta mayar da gyaran baya don hukuncin ya zama banza, tsarin mulkin jamhuriya kuma ya soke zuwa Landan ɗaukaka ƙara gaba ɗaya. A Satumban 1963 aka ɗaure Awolowo jagoran 'yan hamayya na ƙasa shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa.

A duba abin da ya faru a nan da kyau. Jimla ɗaya da aka bari a buɗe ta ba gwamna dama ya yi hukunci da wasiƙa. Ikon ta-ɓaci da ba a ɗaure ba ya ba gwamnatin tsakiya dama ta shiga rikicin cikin gidan jam'iyyar hamayya, ta fito da wanda take so. Daga nan mutanen Yamma ba su sake yarda akwai alƙali a filin ba, har aka kai ga zaɓen Oktoban 1965 da ƙone-ƙonen da suka biyo baya.

Indiya ta sha irin wannan ciwo, ta kuma yi masa magani. Shekara da shekaru gwamnatin Delhi na amfani da sashe na 356 tana rusa gwamnatocin jihohin da ba nata ba, gwamnoni na kawo rahoton wai firimiya ya rasa rinjaye. A 1994, a shari'ar Bommai, kotun ƙoli ta yanke cewa a zauren majalisa ake gwada rinjaye, ba a ra'ayin gwamna ba, kuma kotu na da ikon duba dalilin rusa gwamnatin jiha. Jamus kuwa, da ta tuna yadda gwamnatoci suka riƙa faɗuwa kafin hawan Hitler, ta rubuta a tsarin mulkinta na 1949 cewa majalisa ba za ta kayar da shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'ar guda. An gwada a 1972 a kan Willy Brandt, aka gaza da ƙuri'a biyu. An yi nasara sau ɗaya, ranar 1 ga Oktoba, 1982, da Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt. Duk ƙudurin da zai mayar da mu tsarin firaminista ba tare da waɗannan ƙa'idoji biyu a rubuce ba, ni ba na tare da shi. Ƙasar da 'yan majalisar jiha ke iya taruwa a otal da asuba su ce sun tsige kakaki ba ta da hurumin barin irin wannan ga al'ada.

Karaya ta biyu a Legas. Zaɓen 30 ga Disamba, 1964, ya zo da ƙawance biyu, NNA da NPC ke jagoranta, da UPGA ta NCNC da ragowar Action Group da NEPU da UMBC. UPGA ta yi kukan an hana 'yan takararta yin rajista da kamfe, ta ƙaurace, a Gabas ma ba a yi zaɓen ba. NPC ta samu kujeru 162. Shugaba Azikiwe ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Kwanaki ƙasa na zaune ba a san inda aka dosa ba, har tambaya ta kai ga wa sojoji za su bi, shugaban ƙasa da ake kira babban kwamanda, ko firaminista. Shugabannin rundunoni, da babban hafsan soja na lokacin, Baturen Ingila Welby-Everard, suka nemi shawarar masana doka, aka ce umarni na firaminista ne. Alƙalin alƙalai Adetokunbo Ademola ya shiga tsakani, ranar 4 ga Janairu, 1965, Azikiwe ya kira Ɓalewa bisa sharaɗin gwamnatin da za ta haɗa kowa. An kashe wutar, amma ƙananan hafsoshi sun ga 'yan siyasa na zawarcin bariki. Shi ya sa nake tsoron masu cewa a yi gauraye, jama'a su zaɓi shugaban ƙasa mai wasu iko, majalisa ta fitar da firaminista. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Maƙwabtanmu a Nijar sun gwada a 1995, Mahamane Ousmane na shugaban ƙasa, Hama Amadou na firaminista daga ɓangaren hamayya, suka shekara suna jayayya a kan wa ke kiran taron ministoci da wa ke naɗa manyan ma'aikata, har Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka a Janairun 1996.

Ta uku ita ce mafi ɗaci. Ranar 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Akintola, aka sace firaminista da ministan kuɗi. Azikiwe ba ya ƙasar, shugaban Majalisar Dattawa Nwafor Orizu ke riƙo. Babu mataimakin firaminista, babu ƙa'idar da ta ce wane ne zai hau nan take. Ministocin NPC suka gabatar da Zanna Bukar Dipcharima, na NCNC suka kawo Mbadiwe, mai riƙon bai rantsar da kowa ba, washegari da dare ya sanar da miƙa mulki ga Janar Ironsi. Wasu daga cikin waɗanda suka halarci zaman ministocin sun faɗa daga baya cewa ba da son ransu ba ne. Ba ina cewa layi ɗaya a tsarin mulki zai tare harsashi ba. Amma juyin mulkin ranar 15 bai yi nasara ba, gwamnatin farar hula ce ta rasa kai, ba ta kuma da rubutacciyar hanyar samun wani a cikin sa'o'in da ake bukata.

Waɗanda suka sauya mana tsari ba wawaye ba ne. Kwamitin mutum 49 da Janar Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya ga duk abin da na lissafa. Suka so shugaba guda wanda ƙasa duka ta zaɓa, suka ɗora masa sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, don kada wani ya sake mulkin Nijeriya da ƙuri'ar yankinsa kaɗai. Wannan damuwa tana nan da ranta, kuma masu neman komawa ba su amsa ta ba tukuna. Abin da ya canza shi ne yanzu jihohi 36 ne, ba uku ko huɗu ba, babu wadda za ta iya rinjayar majalisa ita kaɗai, ga Majalisar Dattawa zaɓaɓɓiya mai sanatoci 109 wadda ya kamata a bar mata haƙoranta a kan duk abin da ya shafi jihohi, musamman dokar ta-ɓaci da rabon arziki. Kada kuma begen da ya rufe mana ido. A zamanin da ake yabo, matan Arewa ba su da ƙuri'a, 'yan NEPU kuma sun sha ɗauri a hannun 'yan doka da kotunan En'e. Habasha tarayya ce mai firaminista tun 1995, amma a zaɓen 2015 jam'iyya mai mulki da ƙawayenta suka kwashe kujeru 547 duka. Majalisar da ba hamayya a cikinta ba ta tambayar kowa komai.

Batun araha kuwa, rabinsa gaskiya ne. Mai neman zama firaminista mazaɓa ɗaya yake takara, ba ƙananan hukumomi 774 ba, a ƙasar da takardar neman takarar shugaban ƙasa kaɗai ta kai naira miliyan 100 a APC da miliyan 40 a PDP a 2022. Amma kuɗin da ba a kashe a kan miliyoyin masu zaɓe ba ana iya kashe shi a kan mutum 181 cikin 360, kuma ba sau ɗaya a shekara huɗu ba, duk ranar da aka yi barazanar ƙuri'ar yanke ƙauna. Firaministan da ke tsoron faɗuwa muƙamai yake rabawa. Ko a Jamhuriya ta Farko sauya sheƙa ta rage 'yan hamayya ta kuma ba NPC rinjayen da akwatin 1959 bai ba ta ba. Indiya ta yi dokar hana sauya sheƙa a 1985, wanda ya bar jam'iyyarsa ya bar kujerarsa, a 2003 kuma ta ƙayyade cewa ministoci ba za su wuce kashi 15 cikin 100 na 'yan majalisar wakilai ba. Dokar tasu tana da aibi, domin ta ɗaure bakin ɗan majalisa ga umarnin jam'iyya ko da a kan ƙananan al'amura, ta kuma bar hukunci a hannun kakaki wanda shi ma ɗan jam'iyya ne. Tamu ya kamata ta tsaya ga ƙuri'ar amincewa da ta kasafin kuɗi, hukuncinta kuma ya kasance a kotu cikin ƙayyadaddun kwanaki. Mun riga mun ga yadda aka mayar da uzurin rabuwar jam'iyya a tsarin mulkin 1999 ƙofar da kowa ke bi ya fice da kujerar jama'a a aljihu.

Gyaran tsarin mulki na bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24. Waɗannan majalisu a yau, in ban da ƙalilan, a tafin hannun gwamnoni suke, kuma abin da ake nema gare su shi ne su mayar da gwamna firimiya, wanda zai tsaya takara a mazaɓa ɗaya, ya zauna a cikinsu, ya amsa tambaya kowane mako, su kuma iya sauke shi da rinjayen mutum ɗaya. A nan za a yi cinikin gaske, kuma abin da za a fara neman a cire don gwamnoni su yarda shi ne waɗannan ƙa'idoji: gwajin rinjaye a zauren majalisa cikin kwanaki ƙididdigaggu, sunan magaji kafin a kayar da mai ci, iyakar yawan ministoci, da ɗaure hannun tarayya a kan dokar ta-ɓaci. 'Yan majalisa 60 da suka ɗauko wannan aiki su buga cikakken daftarinsu da Hausa da sauran harsunan ƙasa, su kai shi mazaɓu tun kafin ya isa teburin gwamnoni.